Takalman da na ƙwace suna ƙasan jakarka

Tudun Wada, Zariya

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Jos lafiya, ka kuma tarar da Kawunka Lawal da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da sharrin hanya da na baƙon wuri, ya sanya albarka a karatun da ya kai ka, amin.

Na ce wa ummanka ta soka takardar nan a aljihun gefe na jakarka, kada ta faɗa maka sai mota za ta tashi. Ba zan iya gaya maka abin da ke cikinta baki da baki ba. Na farko, kai ɗan fari ne, sunan mahaifina gare ka, ko sunanka ba na iya kamawa, balle in zaunar da kai in ce na yi kuskure. Na biyu kuma ka san bakina. In na buɗe shi da niyyar lallashi, faɗa ne ke fitowa. Biro ya fi ni haƙuri, in ya yi zafi sai in soke in sake.

Ranar Talata da hantsi ka wuce ta gaban shago kana ɗingishi, kana ƙoƙarin ɓoyewa. Wata goma rabonka da gudu, tun ranar da babur ya kaɗe ka ya karya maka ƙwauri. Likita ya ce ƙashi ya haɗe, kana iya komawa a hankali. Kai "kana iya komawa" ka ji, "a hankali" ɗin a bakin ƙofar asibiti ka yar da ita. Ka bi abokanka har Hanwa kuka dawo ba tsayawa. Na tashi daga kan keken ɗinki, na tare ka a titi, na sa ka tuɓe takalman a gaban masu shayi da yaran shago, na ce, "In ka ƙara gudu ban yafe ba." Ka taka zuwa gida ƙafa ba takalmi. Tun ranar kana gaishe ni kanka a ƙasa, ni kuma ina amsawa ina kallon allura.

Wannan kalma ita ta sa ni rubutu. Amma kafin in zo kanta, sai ka ji inda ta samo asali, domin ɗingishin da ka taso ka ga ina yi ban taɓa ba ka labarinsa daidai ba. Na ce maka tsautsayi ne. Ba tsautsayi ba ne, Abba, taurin kai ne.

Ina saurayi babu wanda ke shan gabana a gudu a unguwar nan. Bayan sallar asuba mukan tashi mu bi ta Kongo mu miƙe, wata ran har kusa da Dutsen Abba, mu dawo in buɗe shago kamar ban je ko'ina ba. Da na yi aure aka haife ka, sai ɗinki ya cinye ni. Shekara goma ina zaune a kan benci, ƙafa na taka keke, tumbi na fitowa. Ran nan wani tsohon abokin gudu ya zo awon kaftani, ya dube ni ya ce, "Sani, kai ne kuwa? Ai tef ɗinka ba zai zagaye ka ba." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ta tsaya mini a wuya. Washegari na fita.

Kuskurena na farko ke nan: na fita da lissafin ɗan shekara ashirin a jikin ɗan talatin da biyu. Zuciya ba ta mantuwa, tana tuna nisan da ka saba yi. Ƙafa kuwa ta manta tuntuni. Numfashi yakan dawo da wuri ya ruɗe ka, alhali jijiya da ƙashi suna can baya ba su iso ba. Kai ma abin da ya ruɗe ka ke nan ranar Talata. Ƙirjinka ya ce zai iya, ba ka tambayi ƙwaurinka ba. Don haka ka sa a ranka cewa ba komawa kake yi ba, farawa kake yi. Wancan Abban da ke zuwa Hanwa ya dawo yana raha, ka gaishe shi daga nesa, ba sa'anka ba ne yanzu.

A kwanakin nan na riƙa cin karo da Malam Istifanus. Ka san shi, tsohon ma'aikacin jinyar nan da nake ɗinka wa kayan zuwa coci. Lokacin ya haura sittin. Yadda yake gudunsa ya riƙa ba ni haushi: ya yi sassarfa tsawon falwaya biyu, ya taka a hankali tsawon ɗaya, ya sake. Kullum sai na wuce shi kamar an jefo ni. Wata safiya ya tarar da ni a gefen titi na dafa gwiwa ina haki, ya tsaya.

Ya ce, "Tela, kwana nawa da farawa?"

Na ce, "Tara."

"Kwana nawa ka huta a ciki?"

Na ce, "Hutu na masu fansho ne, Baba."

Ya yi murmushi ya ce, "To gwada karanta mini Fatiha kana gudu. In ta fita ba yankewa, saurinka daidai ne. In ba ta fita ba, ka yi yawa."

Na ce, "Kai da ba ka sallah, ina ruwanka da Fatiha?"

Ya ce, "Shekara talatin ina jin ta a bakin marasa lafiya. Na san tsawonta."

Maimakon in ji kunya, sai na ce masa, "Wannan abin da kake yi ba gudu ba ne, rakiyar amarya ce." Na bar shi a tsaye. Yau yana da saba'in da ɗoriya, har yanzu yana rakiyar amaryarsa kowace safiya. Ni da na iya gudu, matakalar masallaci sai na dafa bango.

Saboda haka ga abin da ya ba ni kyauta na watsar, ni kuma na ba ka. Makon farko da na biyu tafiya kawai za ka yi, tafiya mai ɗan sauri, rabin awa. In ƙafa ba ta yi magana ba, sai ka shiga ƙirga falwaya: ɗaya sassarfa, biyu tafiya. Bayan mako biyu ka juya lissafin. Kwana uku a mako, ba a jere ba. Ranar hutu ba ranar lalaci ba ce, ita ce ranar da jiki ke ɗinke abin da ka farka jiya. Kada ka ƙara nisa da sauri a mako guda, ɗaya za ka zaɓa, shi ma kaɗan. In makon ya zo maka da nauyi, ka maimaita shi, ba jarrabawa ba ce da za a ce ka faɗi. Kuma duk wanda ya wuce ka, ka ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Kuskurena na biyu, jikina ya yi mini magana na toshe masa baki. A mako na uku bayan dunduniyata ta dama ya fara ciwo, daidai agara, wannan jijiya mai kauri da ta haɗa sharaɓa da diddige. Da safe in na sauko daga gado sai in taka kamar mai tafiya a kan ƙaya, in na ɗan zagaya sai ya lafa. Na ce ai tsami ne. Na shafa man zafi, na ɗaure da tsumman yadi, na biya kemis na karɓi ƙwayar kashe ciwo, in haɗiya in fita. Ummanka ta ce, "Malam, ƙafar nan fa ita ke ciyar da mu." Na ce mata ta kula da tukunyarta. Allah ya yafe mini wannan ma.

Ka iya bambance tsami da ciwo, Abba, domin a nan mutane ke halaka. Tsami yakan bazu cikin nama, yakan kama ƙafa biyu, in ka motsa ya sake ka, kwana biyu ya wuce. Ciwo kuwa wuri guda yake zama, kana iya ɗora yatsa a kansa ka ce ga shi nan. Yakan ƙaru in kana gudu, yakan canja maka taku. Duk ranar da ka ji irin wannan, musamman a inda ka karye, ko ka ga kumburi, ka tsaya a nan inda kake, ka taka zuwa gida, ko ka hau mota. In ya kwana biyu bai tafi ba, ka je asibiti, kada ka jira ya zama labari. Kuma kada ka taɓa shan maganin kashe ciwo don ka samu ka yi gudu. Wanda ya yi haka kamar wanda ya ɗaure bakin karensa ne don ya ji daɗin barci, ɓarawo na tsakar gida.

Na uku, takalmi. Na tsinci wasu a gwanjo, kyawawa, jajaye, sun matse ni kaɗan, dunduniyarsu ta cinye ta gefe guda. Mai su ya ce za su buɗe. Ni tela, da na san abin da bai kai ba ba ya kaiwa, na yarda saboda launi. Takalmin gudu ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa. Ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakinsa. Ka kifa shi ka dubi ƙasansa, in ya karkace, karkacewar wani za ka gada.

Sai azumi ya kama. Mai hankali da ya rage, ko ya mai da abin tafiya bayan an sha ruwa. Ni sai na mai da gudun bayan la'asar, wai kafin a kira magariba na gama. Ga aikin sallah ya taru, tun safe ina taka keke da ƙafar nan mai ciwo, ga ƙishirwa, ga rashin barci. Ran ashirin ga wata na fita, ko ɗumama jiki ban yi ba. Wajen Kongo wasu ɗalibai biyu suka wuce ni suna hira. Hirar ce ta ƙona ni, wato ko haki ba sa yi. Na ce yau sai na nuna musu. Na taka da ƙarfi, taku na huɗu ko na biyar na ji tas! a bayan ƙafa, kamar an jefe ni da dutse. Na juya da zagi a bakina ina neman wanda ya jefe ni. Babu kowa a bayana, Abba. Titi ne kawai. Na ɗaga ƙafa zan taka, ta ƙi.

Na daɗe ina tuna wannan juyawar. Duk rayuwata haka nake, abu ya same ni in juya neman wanda zan zaga. Ranar ce Allah ya nuna mini wanda ya yi jifan.

To a nan ma ban daddara ba. Aka kai ni wurin mai ɗori. Ba na zaginsa, mutumin kirki ne, ya ɗora ƙasusuwa da yawa a garin nan sun haɗe. Amma ni ba ƙashi ne ya karye ba, jijiya ce ta tsinke. Ya ce targaɗe ne, ya ja, ya murɗa, ya ɗaure. Na yi mako uku ina jiran sauƙi. Malam Istifanus ne ya zo karɓar ɗinkinsa ya tarar da shago a rufe, ya biyo ni gida. Ya sa na kwanta rub da ciki, ya matsa sharaɓata, ƙafar ko motsi. Ya shafa bayan dunduniya, yatsansa ya faɗa rami. Bai ce "ai na gaya maka" ba. Da ya faɗa da na samu abin yin faɗa, da na ji sauƙi. Cewa ya yi, "Tela, sa rigarka." Shi ya kai ni asibiti a motarsa, shi ya zauna da ummanka har aka fito da ni daga tiyata. Likita ya ce da na zo a makon farko da aikin ya fi haka kyau, jijiyar ta riga ta ja da baya. Ka riƙe wannan: kowane ciwo da mai shi. Kada kunya ko "za ta warware" su hana ka zuwa inda za a duba ka da kyau.

Amma abin da ya fi tiyata ciwo ya riga ya faru kafin nan, ranar sallah. Ƙafar da ke taka keke ita ce ta tsinke, saura kwana goma, ga yadin mutane jibge. Na rarraba wa teloli abokai, wasu suka karɓa, wasu nasu ya ishe su. Akwai waɗanda na mayar wa yadinsu a yanke ba a ɗinke ba, ina zaune suna faɗa mini maganar da ni na saba faɗa wa mutane. Naka yadin, shadda ruwan toka, shi na bari ƙarshe, don na gida ne. Kana da shekara tara. Kullum sai ka leƙo ka ce, "Baba, an fara nawa?" In ce gobe.

Daren sallah bai zo da gobe ba. Ummanka ta ɗauko kaftaninka na bara, ya ɗage maka, ya matse a kafaɗa. Ta juya cikinsa, sai ga rarar yadi da na bari a kowane ɗinki, yatsa biyu a gefe, yatsa uku a ƙasa, kamar yadda nake yi wa kayan yara. Ta farke, ta buɗa, ta ɗinke da allurar hannu. Da shi ka je idi, ɗan tela da tsohon kaya, layin tsohon ɗinki na nunawa. Da ka dawo ka tsaya a bakin ƙofa ka ce, "Baba, ya yi mini daidai." Na juya fuska bango.

Ina kwancen nan wata huɗu na karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi a kan jijiya da ƙashi, tsofaffin littattafan da Malam Istifanus ke kawo mini, ina bi da yatsa, ina tambayarsa abin da ya shige mini duhu. Duk abin da na karanta bai wuce abin da ke cikin kaftanin nan ba. Na san in bar rara a rigar yaro, ban san in bar wa jikina ba. Ka bar rara, Abba. Ka tsaya alhali kana jin za ka iya ƙara falwaya biyar. Wannan biyar ɗin da ka bari ita za a buɗa maka gobe. Wanda ya yanke daidai wa daida, ranar da abu ya matse ba shi da inda zai farka.

Sauran ƙanana ne, amma kada ka raina su. Jos ba Zariya ba ce. Gari ne a kan tudu, za ka ji numfashinka ya gajarta a kwanakin farko, ba rauni ba ne, kada ka yi gardama da shi. Akwai sanyin safe, don haka ka yi tafiyar minti goma jiki ya ɗumama kafin ka fara sassarfa, miƙa kuma sai bayan ka gama. Gangara ta fi hawa cin ƙwauri, in ka zo gangara ka taka, har sai ƙafar ta yi ƙwari. Ka nemi fili ko hanyar ƙasa mai laushi, ka rage kwalta. Ranar hutu ka dafa bango ka ɗaga dunduniya ka sauke a hankali, ka zauna a kujera ka tashi ba dafawa, yadda aka koya maka a asibiti ka daina. In azumi ya zo ka sassauta. Ka ci, ka sha ruwa, ka yi barci. Ka fuskanci motoci in kana gefen titi, babur ɗaya ya ishe mu. Abokan gudu kuma ka zaɓi wanda zai jira ka, ba wanda zai auna ka ba. In ka samu wani tsoho mai sassarfa a hankali, ka bi bayansa, ka gaishe shi da ladabi.

Yanzu na zo kan kalmar.

Ranar Talata da na hango ka kana jan ƙafa kana daidaita fuska, ba kai na gani ba, ni na gani. Tsoro ne ya kama ni, ni kuwa tsorona da rigar faɗa yake fita. Na yi abin da na saba, na juya neman wanda zan jefa. Na ɗauki kalma mafi nauyi da uba ke da ita na ɗora wa yaron da bai yi sata ba, bai yi ƙarya ba, gudu kawai yake so, abin da ni na sa masa a jini. Na san halinka. Ko dai ka bi maganata ka bar abin da kake so har abada, kana kallon masu gudu ta taga, ko wata safiya ka kasa daurewa ka fita, kowane taku kana jin fushin mahaifinka na bin ka. In ka ji ciwo kuma ka ɓoye, don wanda aka hana ba ya kawo ƙara. Ɓoyewar nan ita na fi tsoro. Na je na gaya wa Malam Istifanus abin da na yi. Ya ce, "Tela, wannan ma jijiya ce. Kada ka kai ta mako uku."

To ka ji da kyau, kuma ummanka shaida ce, na faɗa a gabanta kafin in rubuta. Na janye. Babu wannan magana tsakanina da kai. Ka yi gudunka, na yafe maka duniya da lahira, abin da na sani da wanda ban sani ba. Ni ma ka yafe mini tozarcin da na yi maka a titi. Ba umarni na maye gurbinta da shi ba, roƙo ne guda: duk ranar da ƙafar ta yi ciwo, ni za ka fara gaya wa. Na yi alkawari zan ji ka har ƙarshe kafin in buɗe baki. In na karya, ka kai ƙarata wurin ummanka.

Ka zazzage jakarka. A can ƙasa, ƙarƙashin darduma, takalmanka ne. Na wanke su. Na duba ƙasansu bai karkace ba. Na dama ya fara buɗewa ta wajen ɗan yatsa, na kama shi da zare mai ƙwari, ɗinki biyu. Kada ka sa su gobe. Ka bar ƙafar ta huce daga aikin Talata, in ɗingishin bai tafi ba a duba ta tukuna. In ta sake ka, mako biyu na tafiya, sannan falwaya ɗaya.

In kun samu hutu ka dawo, ka tashe ni bayan asuba. Gudu ya wuce ni, amma falwayar tafiya ina iya raka ka. Ta sassarfar ka yi gaba, ka jira ni a ta gaba.

Ka gaida Kawunka da mutanen gidansa. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka riƙe sallah a kan lokaci. Allah ya tsare ƙafarka daga tuntuɓe, ya tsare bakinka daga irin nawa, ya kai ka inda ban kai ba, ya dawo mana da kai a kan sawunka biyu. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka,
Sani Tela